Batagarawa: Ƙauyen Da Birni Ya Iske

A shekarar 1967, wanda ya fito daga ganuwar Katsina ya yi kudu, sai ya ci tafiyar mil shida a tsakanin gonaki kafin ya hango rumbunan Batagarawa. Garin manoma ne mai mutum kimanin 1,400, kuma nan ne mazaunin hakimin ƙasar, mai sarautar Mallamawa. Yau in ka biyo hanyar Dutsinma daga cikin birni, da ƙyar za ka iya nuna wa baƙo inda Katsina ta ƙare da inda Batagarawa ta fara. Katangun makarantu ne, da gidajen mai, da wuraren buga bulo, da shaguna da fulotai a jere har ka iso. Garin yana nan inda kakanni suka kafa shi, ko taku ɗaya bai gusa ba, amma mil shidan nan gine-gine sun kusa cinye su. Yawan mutanensa kuwa, wanda a da aka san shi gida gida, yau babu takardar ƙidaya da za ta faɗa maka shi kai tsaye.

Inda gari yake da yawan mutanen da ke cikinsa su ne farkon abin da ake tambaya game da kowane ƙauye, kuma mukan ɗauka amsarsu a bakin kowa take. Abin da ya sami Batagarawa cikin shekara kusan sittin ya nuna cewa duka biyun suna iya kuɓuce wa mutane alhali suna zaune a ƙofar gidajensu.

Mun san adadin 1967 ne saboda aikin wata Baturiya 'yar Ingila, Polly Hill, masaniyar tattalin arzikin karkara, wadda ta riga ta yi suna da binciken manoman koko a ƙasar Gana kafin ta zo ƙasar Hausa. Ta tare a Batagarawa a shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ta yi watanni tana bin gidaje da gonaki tare da 'yan garin da suka yi mata jagora. A 1972 ta fitar da littafinta mai suna Rural Hausa, wanda har yau masu nazarin noman ƙasar Hausa suke komawa gare shi. Ba ta tsaya ga ƙirga kawuna ba. Ta lissafa gidajen noma 171, wato kowane magidanci da waɗanda ke noma tare da shi suna ci daga rumbunsa, ko gandu ne na uba da 'ya'yansa masu aure, ko mutum ne shi kaɗai da iyalinsa.

Daga nan ta kasa gidajen kashi huɗu, da ma'aunin da duk ɗan ƙauye ya sani: halin da gida yake shiga a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare, gero kuma bai nuna ba. Ai ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Gida 17 ne ke da rarar da har suke tallafa wa wasu a wannan lokaci. Gida 45 suna riƙe da kansu, ba su nema, ba su bayarwa. Gida 68 suna jin jiki. Gida 41 kuwa yunwa ce ta sosai, irin wadda ke sa magidanci ya bar gonarsa ciyawa na cinye ta, ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiyar da za a ɗora tukunya da ita da dare. Da wannan lissafi ta ƙaryata mazauna ofis masu yi wa manoman karkara kuɗin goro, suna cewa duk talaucinsu ɗaya ne. Ta nuna yadda mai hali ke cika rumbu da kaka hatsi yana arha, ya buɗe shi da damina ya yi tsada. Marar hali kuwa da kaka yake sayar da nasa don ya biya haraji da bashi, ya dawo yana awo da tsada. In abin ya ci tura ya jinginar da gona, ko ya rabu da ita baki ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan aiki shi ne inda ilimin ya fito. Baƙuwa ba ta da hanyar sanin gidan da ke kwana ba a hura wuta ba. Mutanen garin ne suka jera mata gidajen, kowa a matsayinsa. Ke nan ƙidayar tana nan tun kafin a rubuta ta, a ajiye cikin kawunan jama'a. Liman ya san jariran da ya raɗa wa suna. Ungozoma ta san cibiyar da ta yanke. Wanzami ya san yaran da ya yi wa kaciya da waɗanda ke jiran sanyin baɗi. Mata kuwa sun fi kowa sani. Garin ba shi da kasuwa a lokacin, amma kusan kowane gida yana da abin sayarwa: wannan hatsi, waccan man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wata fura, wata ƙosai. Matan suna cikin kulle, yara ne ke kai da komo da tire a ka, suna shiga kowane zaure, suna komowa da ciniki da labari. Yarinyar da ke tallar fura ta san gidan da aka yi baƙo, da gidan da aka daina sayen nono tun makon jiya.

Haka batun inda gari yake. A wancan zamani da ƙafa ake auna nisa. Ka tambayi mutum ƙauye kaza, sai ya ce maka in ka sallaci asuba ka kama hanya, da hantsi kana can. Ka wuce kuka mai kogo, ka bar fadama a hannun hagu, in ka ga tsamiya biyu a bakin rijiya ka iso. Iyakar gari kuwa gonakinsa ne. Akwai na kusa da gida, waɗanda ake zuba wa taki kowace shekara, ana noma su ba hutu. Duk rani jakuna ne da mangala suna jigilar takin gida da toka. Can bayansu akwai gonakin daji, waɗanda ake nomawa shekara biyu ko uku a bar su saura su huta. Bayan su kuma sai dajin da ake kiwo, a yi itace, a samo magani. Tsakanin shuke-shuke ga burtali da aka bar wa shanu. Wanda ya san waɗannan ya san inda garin yake, don su ne ke ciyar da shi.

A takarda kam, garin ya sha ƙaura yana zaune. Lokacin da 1967 ta kama, Batagarawa tana Lardin Katsina a Jihar Arewa. A watan Mayu na shekarar Janar Yakubu Gowon ya kasa ƙasar jiha goma sha biyu, ta wayi gari a Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 sunan jihar ya koma Kaduna. Ranar 23 ga Satumba, 1987, Janar Ibrahim Babangida ya cire Katsina daga Kaduna, daga baya kuma Batagarawa ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma mai sunanta, ɗaya daga cikin 34 da jihar ke da su yanzu. Sauye-sauyen farko ba su taɓa ko kunya ɗaya ta gona ba. Na 1987 shi ne ya zo da magana, don ya mai da birnin da ke maƙwabtaka da ita fadar gwamnati.

Kafin mu kai can, bari mu tsaya a kan ƙidaya. Ni ba ɗan Batagarawa ba ne. Ƙauyenmu yana can gaba a ƙasar Katsinar dai, kuma na yi wayo haraji bai mutu ba. In an gama kaka, malamin haraji yakan zo ya zauna a kan tabarma a ƙofar gidan dagaci, littafi a cinya, dogari a tsaye a bayansa. Masu unguwa su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kira sunayen magidanta da baligan unguwarsa. A nan ake fafatawa. Za ka ga saurayi gemu ya fara tsiro masa, mahaifinsa ya durƙusa yana cewa, "Ranka ya daɗe, yaron nan girman jiki ne kawai, ko azumi bai fara cikawa ba." Dagaci ya dubi yaron, ya dubi uban, ya tuna halin rumbunsu, wani lokaci ya kau da kai. Wasu tun ana saura kwana biyu suke tura samarinsu gaishe da dangi a wani gari. Fulani kuma in lokacin jangali ya matso, sai rabin garke ya yi nisan kiwo. Ga kuma al'adar da ta hana uwa ta ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo. Saboda haka adadin da ke cikin littafin haraji kullum yana ƙasa da gaskiya. Amma dagaci ya san gaskiyar, ya kuma san mutum nawa ya rage.

Ba wanda ya yi kukan mutuwar haraji. Mutane sun sayar da akuyar da suke ji da ita saboda shi, an shanya magidanta a rana a gaban 'ya'yansu, wasu sun bar gari da dare ba su sake dawowa ba. Da gwamnonin jam'iyyar PRP, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murnar da ta dace. Sai dai littafin da aka rufe a ranar shi kaɗai ne ake sabuntawa duk shekara da sunayen mutanen ƙauye, kuma yau babu wani a madadinsa.

A daidai lokacin nan kuma ƙidaya ta riga ta juya fuska. A zamanin haraji yawa nauyi ne, kowa na ɓoyewa. Da aka fara raba kujerun majalisa da kuɗin gwamnati bisa yawan jama'a, sai yawa ya koma riba, kowa na ƙarawa. Ƙidayar 1962 rigima ta sa aka soke ta. Ta 1963 ta ba da mutum miliyan 55.6, gwamnatin Jihar Gabas ta ƙi amincewa har ta je kotu. Ta 1973 ta ba da kusan miliyan 80, Janar Murtala Muhammad ya soke ta da ya hau mulki a 1975. Ta 1991 ta ce miliyan 88.9. Ta 2006 ta ce miliyan 140, Jihar Katsina na da miliyan 5.8 a ciki. Sakamakon 2006 da aka bayyana wa jama'a ya tsaya ne a kan jihohi da ƙananan hukumomi, bai sauko kan garuruwa da ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya ba. Wadda aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki a fara. Dattijon da ya ɓoye ɗansa daga malamin haraji ya rayu har ya ga ranar da 'yan siyasa ke roƙon kowa ya koma garinsu a ƙirga shi a can. A duka zamunnan biyu, ana ƙirga ɗan ƙauye ne don buƙatar wani.

To, sai birni ya taso. Babban birnin jiha yana buƙatar sakatariya, da gidajen ma'aikata, da manyan makarantu, kuma cikin ganuwa babu fili. Ƙasar Batagarawa kuwa ita ce ke kewaye da birnin ta wannan ɓangare. Kwalejin Ilimi ta Tarayya tana bakin garin. A kan hanyar Dutsinmar nan ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina take, da Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da jami'ar jiha da aka kafa a 2006 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ta hanyar Kano kuma birnin ya riga ya shige Ɗandagoro. Madatsar ruwa ta Ajiwa, wadda ke shayar da birnin, ita ma a cikin ƙaramar hukumar Batagarawa take. Duk katangar da ka gani a waɗannan wurare, gonar wani ce aka kewaye.

Mutane kan zargi manoma da kwaɗayin kuɗi in sun ga suna yanka gonaki suna sayarwa. Wanda ya san yadda dokar take zai sassauta zargin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin riƙe shi bisa al'ada, amma gwamna yana da ikon ayyana wani yanki a matsayin birni, daga nan ikon filayen ya koma ofishinsa. In kuma gwamnati ta karɓi gona don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke bisa ƙasar ce, wato shuka da itatuwa da gini. Ƙasar kanta ba ta cikin lissafi. Manomin da ke jin ƙarar tirela daga gonarsa ya san wannan sarai. Gara ya sayar wa ɗan kasuwa yau da ya jira a zo a ƙirga masa bishiyoyi gobe. Ga kuma gado. Gonar da uba ya ciyar da gida da ita, in an raba ta tsakanin 'ya'ya, aka sake rabawa tsakanin jikoki, abin da kowa zai samu bai isa noma ba, amma ya isa fuloti biyu.

Na taɓa tsayawa a bakin wata gona a gefen birnin ranar da ake yanka ta. Kunyoyin bara suna nan ba su baje ba, ga tushiyar dawa a jere. Dillali na tafe da igiyar awo, yara biyu na biye da shi da turaku da guduma, ƙafa hamsin a faɗi, ɗari a tsawo, a kafa turke a wuce. Layin da aka bari tsakanin fulotai ko mota ɗaya da ƙyar za ta bi. Ba a ware wurin makaranta ba, ba a ware maƙabarta ba, ba a bar hanyar ruwa ba, alhali kowa a wurin ya san ta inda ruwan damina ke gangarowa. Mai gonar, dattijo ne, yana zaune a gindin ɗorawa, babban ɗansa na tsugune a gabansa yana lallashi: "Baba, in ba mu sayar ba, wata rana gwamnati za ta karɓa, kuɗin ɗorawar nan kaɗai za a ba mu." Tsohon ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Na ji. In kun cinye kuɗin, a ina za ku yi shuka?" Ba wanda ya amsa masa, aka ci gaba da kafa turaku.

Inda kuɗin ke tafiya sananne ne. Wani ya biya kujerar Makka, wani ya aurar da 'ya'ya, wani ya sayi babur ya shiga acaɓa, wani ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na bulo da kwano. Masu dabara sukan sayi wata gonar can nesa inda ƙasa ke da arha. Mafi yawa dai shekara biyu zuwa uku kuɗin ya bi ruwa, sai ka ga jikan mai rumbu goma yana gadi a gidan da aka gina a gonar kakansa. Birni yana cin ƙauye ne yadda gara ke cin dangar kara: daga ƙasa take farawa, dangar na tsaye kamar lafiya lau, sai ranar da aka jingina da ita.

Batagarawa ba ita kaɗai ba ce. Polly Hill ɗin nan ta koma ƙasar Kano a 1971 da 1972 ta yi irin wannan aiki a Ɗorayi, lokacin karkara ce ta manoma mai manyan gidaje a warwatse cikin gonaki, wani gidan ma mutanensa sun haura ɗari. Yau Ɗorayi unguwa ce cunkus a cikin birnin Kano, yaran da aka haifa a can ba su taɓa ganin rumbu a layinsu ba. Hanwa, wadda masu binciken noma na Samaru suka ɗauka a matsayin ƙauyen gwaji a shekarun 1960, yanzu unguwa ce a Zariya. Duk wani babban gari a Arewa yana da irin waɗannan sunaye: jiya ƙauye mai dagaci da gonaki, yau sunan tashar da ɗan acaɓa ke sauke fasinja.

Kada a ɗauka ina kukan a koma jiya ne. Wanda ya ga mace mai naƙuda a kan amalanke ana neman hanyar asibiti cikin dare, ba zai raina kwalta ba. Wanda ya ga kurkunu ya kwantar da majiya ƙarfi a tsakiyar damina, gona na jiran noma, ya san darajar ruwa mai tsabta. Sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da wannan cuta. Gidajen nan 41 da ke kwana da yunwa a 1967 ba su cikin wata aljanna da za a yi kewarta. Jikokin matan da ke aika yara talla daga cikin kulle, yau wasunsu suna ajin kwaleji, tafiyar ƙafa daga gida. Akwai masu ɗakunan haya da ɗalibai suka rufa wa asiri, akwai magina da kafintoci da masu shaguna da ba su taɓa zuwa cin rani ba don aikin ya iske su har gida. Alherin birni gaskiya ne. Abin da nake cewa shi ne ya zo ba da lissafi ba, kuma wanda ba ya cikin lissafi shi ake fara mantawa.

Dubi waɗanda ke zaune a irin waɗannan garuruwa yanzu. Ga 'yan asali, ga ma'aikatan da hayar cikin birni ta kora, ga ɗalibai masu zuwa da tafiya, ga almajirai. A 'yan shekarun nan kuma ga wasu baƙin da ba su zo don son ransu ba: mutanen ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa, na gefen dajin Rugu, waɗanda 'yan bindiga suka tasa. Za ka same su a kangwaye, ginin da mai shi bai kai ga rufi ba, an kare taga da buhu, mata da yara sun fi yawa. Can inda suka baro, akwai garuruwan da suka koma kufai, ciyawa ta rufe masussuka, amma sunayensu na nan daram a taswira da rajistar zaɓe. Wani ƙauyen ya cika ya batse, wani ya zama wayam, takardar hukuma kuwa tana nan a kan abin da aka ƙirga a 2006, ana yi masa ƙari da ƙiyasi. Mai unguwar da ubansa ke iya jero kowane gida da ka, yau yana wuce mutane a layinsa su gaisa bai san daga ina suke ba.

Wannan rashin sani yana da farashi, kuma talaka ke biya. Da adadin da ya tsufa ake tsara ajujuwa, shi ya sa za ka ga yara sun cika aji har bakin ƙofa. Da shi ake aiko magani ɗakin shan magani, ya ƙare kafin wata ya raba. In an kawo takin gwamnati ko tallafin abinci, tunda babu jerin sunayen da kowa ya yarda da shi, sai rabon ya koma hannun mai uwa a gindin murhu. Matar da ta gudo da marayu huɗu tana kango, ba ta cikin lissafin garin da ta baro, ba ta cikin na garin da ta iso.

Kuma abin ba gagara ya yi ba. Duk wanda ke zaune a Arewa ya san rubutun allin da ma'aikatan rigakafin shan-inna ke bari a jikin ƙofa ko katanga: ranar da suka zo, yara nawa ke gidan, nawa aka ɗiga wa. Matan nan masu hijabi da akwatin ƙanƙara a kafaɗa sun shiga lungunan da jami'in ƙidaya bai taɓa takawa ba, sun nemo rugage da 'yan tungayen da babu su a taswira, tare da masu unguwa da suka yi musu jagora. Da irin wannan naci aka kai ga 2020, shekarar da aka tabbatar cutar shan-inna ta daji ta ƙare a Afirka. Ashe in ana son a san mutane don a yi musu amfani, ana iya saninsu, kuma su da kansu za su buɗe ƙofa.

Saboda haka kirana ga masu iko da masu sarauta da mu 'yan boko na ƙauye guda uku ne. Na farko, a mayar wa mai unguwa littafinsa, wannan karon ba don karɓar kuɗi ba: a rubuta haihuwa, a rubuta rasuwa, a rubuta wanda ya tare da wanda ya tashi, dagaci ya tattara, ƙaramar hukuma ta ajiye, a haɗa da rajistar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Duk ranar da aka yi ƙidayar ƙasa kuma, a fitar da sakamakon kowane gari da sunansa, don mutanensa su duba su ce haka ne ko ba haka ba ne. Na biyu, ƙauyukan da birni bai kai gare su ba tukuna, amma kowa ya san yana tafe, a tsara su tun igiyar dillali ba ta iso ba: a ware makaranta da maƙabarta da hanyar ruwa, a bar fadama da burtali, a kuma biya manomi diyyar da za ta saya masa wata gonar. Na uku namu ne. Batagarawa ta yi sa'a wata ta zo daga Ingila ta rubuta yadda take a 1967, shi ya sa yau muke iya auna abin da ya canja. Dubban ƙauyukanmu ba su sami wannan ba, kuma dattawan da suka san iyakar kowace gona da asalin kowane gida suna ta tafiya. Kai da ka yi karatu, in ka je gida hutun sallah, ɗauki littafi da biro ka zauna gaban mai unguwa da liman da tsofaffin mata, ka rubuta gidajen garinku da gonakinsa da rijiyoyinsa da sunayen unguwanninsa, ka sa kwanan wata. Kada ka jira baƙo ya zo ya yi maka.